Gwiwar Abu Nawwaf

Cikin duk ranakun da na yi a shagon nan, ban taɓa mantawa da ranar da Isuhu direba ya shigo biye da maigidansa ba. Ku sababbin zuwa kun sha jin tsofaffin ma'aikata suna ambaton sunansa a wurin shan shayi, sai su yi shiru in kun matso. Yau zan ba ku labarin, amma sai kun yi haƙuri na fara daga tushe, don wasunku har yanzu ba su bambance zallaja da katakon gado ba.

Shagonmu na kayan wasanni ne, a cikin ɗaya daga manyan kantunan arewacin Riyadh. Ni Nasiru sunana, mutumin Funtuwa. Da ɗaukar kwali a sito na fara, daga baya aka mayar da ni mai sayarwa a ɓangaren kayan sanyi. Tsarin wurin haka yake: mudir a sama, shi ne manaja; ƙarƙashinsa mushrif, mai sa mana ido a cikin shago; sai mu masu sayarwa; sai fanni, wato mai gyara, da ɗan ɗakinsa a baya. Fanninmu a lokacin wani dattijo ne ɗan Lebanon, Mu'allim Ilyas, wanda ya tashi a kan duwatsun ƙasarsu. Duk abin da na sani a wurinsa na koya.

Na san abin da ke ranku: mutumin Funtuwa, a tsakiyar hamada, yana sayar da kayan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Ni ma ranar da na yi wa mahaifiyata bayanin aikina, cewa ta yi in dai halal ne Allah ya taimaka. Har gobe ƙanƙarar da na sani ita ce ta cikin firij. Amma mutanen garin nan, da zarar hutun sanyi ya matso, sai su kwashi iyali su nufi duwatsun Turai ko Jojiya, kuma da yawansu sun fi son su tafi da kayan kansu.

Zallaja dai wasu dogayen alluna ne sirara guda biyu, ɗaya ga kowace ƙafa. Iri-iri ce. Akwai mai faɗi ta shiga dusar da ba a taka ba. Akwai mai laushi ta ɗan koyo, wadda ko ka yi kuskure za ta yi maka uzuri. Sannan akwai wadda muke kira mai yanka. Ita an ƙera ta ne don gangaren da aka gyara, wanda mota ke bi ta daddale shi ya kwanta sumul kamar daɓen ɗaki. Ƙugunta siriri ne, kai da wutsiya sun fi faɗi, a cikinta akwai shimfiɗar ƙarfe, gefenta kuma kaifi ne da shi. In gwani ya karkata ta, ba zamewa take yi ba, yanka ƙanƙarar take, ta juya da shi da kanta cikin gudu. Sai dai duk wannan nauyi a gwiwa yake sauka. In ƙafarka ta yi rauni a tsakiyar kwana, ita za ta ci gaba da tafiya inda ta dosa, gwiwa kuma ta murɗe.

A saman kowace zallaja ake ɗaura wani ƙarfe mai kama takalmi. Mu Hausawan shagon tarko muke ce masa, saboda yadda yake ɗanawa. Aikinsa ya riƙe takalmin gam, amma in mutum ya faɗi ya sake shi kafin ƙashi ya karye. Fanni ne ke saita ƙarfinsa, kuma ba da ka yake yi ba. Sai mai sayarwa ya kai masa nauyin mutum, tsayinsa, shekarunsa, girman takalminsa, iyawarsa, da kuma ko yana da ciwo a ƙafa. A nan wahalar aikinmu take. Ban taɓa ganin wurin da manyan mutane ke shara ƙarya ido cikin ido kamar gaban sikelinmu ba. Mai tumbi ya rage nauyi, tsoho ya rage shekaru, wanda sau ɗaya ya taɓa hawa dutse ya ce maka shi gwani ne. Mu kuma ba a yarda mu ƙaryata mai saye ba, sai dai mu bi da dabara.

Ranar da nake ba ku labari Alhamis ce a farkon sanyi, bayan an buɗe shago daga sallar la'asar. Wani Balarabe ya shigo, fari tas, dogo, ya haura hamsin, tumbinsa na gaba yana biye. Abu Nawwaf ake ce masa. A bayansa akwai Isuhu riƙe da makullin mota. Isuhu na san shi a unguwar Batha, inda mukan haɗu ranar Juma'a. Mutumin Maraɗi ne, mai sanyin hali, ya fi shekara goma yana tuƙa wannan mutum. Iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, a ƙarƙashin Abu Nawwaf take. Matarsa da 'ya'yansa suna gida, da wannan tuƙi yake ciyar da su. Muka gaisa da ido kawai, kamar yadda ake yi in mutum yana tare da kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa.

Tun daga yadda Abu Nawwaf ya taɓa kayan na san ba ɗan koyo ba ne. Bai tsaya kallon launi ba. Kai tsaye ya nufi jerin masu yanka, ya ciro ɗaya, ya kafa wutsiyarta a ƙasa ya danna tsakiyarta don ya ji taurinta, ya bi gefenta da farce. Ya tambaye ni wacce ce ke yin gajeriyar kwana, wacce ke yin doguwa. Na nuna masa. Ya ce shi gangaren da aka gyara da sassafe yake so, lokacin da ƙanƙara take da tauri, kuma gajeriyar kwana yake so, mai zafi. Ya zaɓi wadda ta fi kowacce tauri a shagon. Na tsayar da ita a gabansa, ta kai masa hanci, daidai yadda ake so. Raina ya yi fari, don irin wannan mai saye daɗin aiki ne da shi.

Na shiga tambayoyi. Da kansa ya hau sikeli yana dariya, bai rage ko kaɗan ba. Shekaru ma ya faɗi gaskiya. Da na zo kan ciwon ƙafa sai ya girgiza kai.

"Ma fi shay, alhamdulillah," in ji shi, wato babu komai.

Saura gwajin takalmi. Takalmin zamiya tauri ne da shi kamar dutse, mai tumbi ba ya iya ɗaure shi shi kaɗai. Abu Nawwaf ya zauna a benci, na durƙusa a ƙafar hagu, Isuhu ya durƙusa a ta dama, kawunanmu suka kusa haɗuwa. Sai na ji Isuhu yana magana ƙasa-ƙasa da Hausa, bai ɗago ba, hannunsa na kan maɗaurin takalmi, kai ka ce zikiri yake.

"Ɗan'uwa, don girman Allah kak ka ba shi wagga. Gwiwar dama an yi mata aiki da rani, da ƙusa ciki. Likita ya hana shi bana. Uwargida ba ta san mun taho ba. Ya ce mani cikin mota in na hwaɗi ma kowa, huruj za shi buga mani."

Huruj, ga wanda bai sani ba, shi ne takardar fita ta ƙarshe. Kafili ya buga maka, zamanka ya ƙare, sai gida. Nan take na gane abin da bawan Allah nan ya ɗora a kan faranti: abincin gidansa gaba ɗaya, saboda gwiwar wani. Amma ban nuna a fuska ba. Kun san halinmu a ƙasar nan. Hausa ita ce ɗakinmu, muna shiga mu rufe ƙofa ko a tsakiyar kasuwa ne. Ina murmushi irin na mai sayarwa na amsa masa.

"Kwantar da hankalinka, bar ni da shi. Wannan tumbin ai ko lafiyayyar gwiwa sai ta kai ƙara."

Isuhu ya cije leɓe don kada dariya ta ƙwace masa.

Daga nan na shiga dabara. Abin da nake so shi ne mutumin ya bar mai yankan nan da kansa, ba tare da sunan Isuhu ya fito ba. Na kawo wata mai laushi, na yabe ta har na gaji. Na ce a farkon sanyi dusa takan yi taushi, mai tauri ba za ta yi masa daɗi ba. Na ce manyan gwanaye ma yanzu sun koma masu sassauci. Abu Nawwaf yana zaune yana saurare na cikin natsuwa, kowace hujja na kawo sai ya warware ta a hankali, don shi ya taka dusar, ni kuwa a hoto na gan ta. Can nesa na hango mushrif ɗinmu, wani Bamisire, yana zare mini ido, yana mamakin wane irin mai sayarwa ne ke janye mutum daga kaya mafi daraja a shago.

Da dabara ta ƙare sai na koma ga ƙa'ida. Akwai gwajin da ake yi wa duk mai sayen takalmi: ya miƙe, ya tura gwiwoyinsa gaba ya ɗan rusuna kamar yana kan gangare, a ga ko takalmin ya karɓe shi. Na roƙe shi ya yi, kuma ban yi gaggawar cewa ya isa ba. Ya rusuna. Ba a jima ba ƙafar dama ta fara rawa. Gumi ya tsatso masa a goshi duk da sanyin na'ura. Ya dage, ya ƙi miƙewa, saboda girman kai irin na maza. Ni na iya jurewa, Isuhu ne ya kasa. Ya miƙa hannu ya tare shi a hammata, ya zaunar da shi.

Abu Nawwaf ya ɗau lokaci yana mayar da numfashi. Ya goge goshinsa da gefen ƙyallen da ya yafa a kansa. Sannan ya dube ni, ya buɗe baki.

"To, yaro. Gwiwar ta kai ƙarar. Sai ka faɗa mini hukunci."

Da Hausa ya faɗa. Wallahi abin da na fara yi shi ne waiwayawa, ina neman wanda ya yi maganar a bayana. Babu kowa sai jerin zallaja. Na juyo na kalli bakinsa. Hausa ce tsantsa, irin ta tsofaffin cikin birnin Kano, sai ɗan nauyin harshe na wanda ya daɗe bai furta ta ba. Maganar tumbi ta dawo mini, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, na rasa da wane yare zan bayar.

Ni kunya ce ta kama ni. Isuhu kuwa abin da ya same shi ya wuce kunya. Daga durƙuson da yake ya zame ya zauna daɓas a kan tayil, makullin mota ya faɗi daga hannunsa. Fuskarsa ta yi fari kamar an shafa mata toka. Shi da kullum da Larabci yake girmama maigidansa, sai ga shi ya yi da harshen gida.

"Ranka shi daɗe... tun yaushe?"

"Tun ranar da ka fara tuƙa ni," in ji Abu Nawwaf.

Ya yi mana bayani a taƙaice, ba tare da ya kalli Isuhu ba. Kakarsa ta wajen uwa Bakanuwa ce da ta zo aikin hajji ta zauna a Makka. A hannunta ya tashi har ya shiga makaranta, kuma ba ta taɓa yi masa magana da Larabci ba. Ko 'ya'yansa ba su san yana jin Hausa haka ba.

Mushrif ya iso a guje. Bai fahimci komai ba, ya dai ga direba zaune a ƙasa, ni kuma na yi tsuru-tsuru, sai ya ɗauka zagin mai saye muka yi. Ya fara ba da haƙuri, yana cewa zai kai ni gaban mudir. Abu Nawwaf ya ɗaga masa hannu, ya ce da Larabci wannan ma'aikaci aikinsa ya yi, a ƙyale shi. Sannan ya nemi in gaya masa gaskiya ba kewaye-kewaye. Tunda asiri ya riga ya tonu, na faɗa masa: zallajar da ya zaɓa ita ce daidai da iyawarsa, ban da shakka, amma ba daidai take da gwiwarsa ta bana ba, kuma ba zan kai wa fanni bayanin da na san ba gaskiya ba ne. Aka kira Mu'allim Ilyas, aka faɗa masa. Ya ce ko mudir ne ya ba shi umarni, ba zai saita tarko a kan gwiwar da likita ya hana ba.

Abu Nawwaf ya daɗe yana shafa zallajar nan kamar mai bankwana da doki. A ƙarshe ya ce a naɗe masa ita haka nan, kada a ɗaura tarko, zai ajiye ta sai likita ya ba shi izini. Ya miƙe a hankali, ya dubi direbansa.

"Tashi, Isuhu. Abin da na faɗa a mota fushi ne. Babu mai korar ka."

Suka fita, Isuhu na ɗauke da zallajar a kafaɗa, yana tafiya kamar wanda aka tasa daga barci. Ni kuwa na koma masaukina a Utaiƙa ina ta hamdala. Gwiwa ta tsira, iƙama ta tsira, ni ma na tsira. A ganina magana ta ƙare lafiya.

Bayan 'yan makonni, wata Juma'a, na shiga Batha cin tuwo a inda muka saba. A bakin wani shagon akwatuna na ga Isuhu yana cinikin bargo, ga manyan jakunkuna a gabansa. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san ma'anar mutum ya sayi bargo da akwati rana ɗaya. Raina ya ɓaci nan take. Na ce ashe mutumin nan bai cika alkawari ba. Isuhu ya girgiza kai, ya ce ba korar sa aka yi ba, shi ya roƙi a buga masa huruj.

Wannan ta fi ta shago girgiza ni. Na ja shi gefe na hau shi da faɗa. Na tuna masa 'ya'yansa suna makaranta, na tuna masa yadda mutane ke kwana suna addu'ar samun kafili irin nasa. Ya bar ni na gama, sannan ya zauna a kan akwatinsa ya ba ni labari.

A gidan Abu Nawwaf ɗaki ɗaya suke kwana da mai dafa abinci da mai ban ruwan fulawa, waɗanda dukansu 'yan Zinder ne, suna jin duk abin da zai faɗa. Saboda haka mota ce wurin sirrinsa. In sun kama doguwar hanya, ko cunkoso ya tsare su, maigida na baya ya lumshe ido, sai ya sa abin kunne ya kira matarsa Rakiya. Shekara da shekaru haka. A motar nan ya raɗa wa maigida sunan tsokana. A nan yake kwashe rigimar gidan ya ba Rakiya su yi dariya. A nan suke faɗa, a nan suke shiryawa. A nan aka gaya masa rasuwar jaririyarsu wadda bai taɓa gani ba, yana riƙe da sitiyari, Rakiya na kuka yana lallashin ta, shi ma hawaye na zuba. Washegari maigida ya ce masa zai yi tafiya, ba ya bukatar direba, ya je gida ya huta wata guda. Isuhu ya ce duk shekarun nan yana ba mutane labarin a matsayin dacewa daga Allah. Sai yanzu ya gane ta hannun wa ta biyo.

Na ce to ai wannan ya nuna mutumin kirki ne. Ya ce ko shakka babu. Ya ce Abu Nawwaf ya roƙe shi ya zauna, roƙon da bai taɓa jin ya yi wa kowa ba. Maigidan ya gaya masa tun rasuwar kakarsa, a motar nan kaɗai yake jin harshenta, kuma ya ɓoye ne don ya san ranar da ya bayyana, Isuhu zai yi shiru. Haka kuwa aka yi. Tun ranar shago motar ta koma kamar maƙabarta. Isuhu ya kasa kiran gida. Ya kasa ɗaga ido ya kalli madubin tsakiya, don kada idonsu ya haɗu, har wata rana saura ƙiris babbar mota ta kwashe su a kan babban titin da ya zagaye gari. A ranar ya yanke shawara, ya ce direban da ba ya iya kallon madubi ya gama aiki.

Na sake gwadawa. Na ce zagin da ya yi, ai sai ya nemi gafara a wuce wurin. Ya dube ni kamar ni ne ban da hankali.

"Zagi na roƙi gahwara, ya yahe. Ba shi ba ne, Nasiru. Mutumen nan ya san sunan da nika kiran matata da shi in mu biyu ne. Ko uwata ba ta san shi ba."

Na taya shi ɗaukar jakunkuna zuwa bakin titi, muka yi musabaha. Kafin azumin shekarar ya bar ƙasar.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Aikinmu ba sayar da alluna ba ne, tambayar mutum gaskiyar jikinsa ne, kuma mutane sun fi son su karye a kan dutse da su faɗe ta a gaban wanda ke ƙarƙashinsu. Tun daga lokacin, in babban mutum ya shigo da direba ko ɗan aiki, kafin in zo kan tambayar ciwo sai in roƙi na bayan ya je ya sha shayi a ɗakinmu. In muka rage mu biyu, sai in tambaya a hankali, kuma yawanci sukan faɗa. In kun ga na kori direba daga wurin gwaji, kada ku ce wulaƙanci ne. Tambayar tawa ce, ni ake biya in yi ta. Ranar nan wanda ba aikinsa ba ne ya amsa mini ita, aka tsirar da gwiwar Abu Nawwaf, shi kuma ya koma Maraɗi ba aiki.